A Bar Wannan Ginin Ya Kai Linta: Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Hukumar Katsina United da Ma'aikatar Matasa da Wasanni

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, shugaba da mambobin hukumar gudanarwar ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Katsina United, da mai girma Kwamishinan Matasa da Wasanni na Jihar Katsina. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku, muna roƙon Allah Ya yi riƙo da hannayenku a kan wannan nauyi da aka ɗora muku.

Na rubuto wannan takarda ne da yawun wata majalisa ta magoya bayan ƙungiyar nan, wadda ke zama a wajejen Ƙofar Ƙaura bayan sallar isha'i. Ba ƙungiya ba ce mai rajista, ba mu da shugaba balle ma'aji. A cikinmu akwai malaman makaranta, da tela, da direbobi, da 'yan kasuwa, da ma'aikatan da suka yi ritaya, da samarin da ko haihuwarsu ba a yi ba lokacin da sunan Katsina United ke tashe a Najeriya. Ba kwangila muke nema ba, ba kujera ba, ba kuma tikitin kyauta ba. Mu ne dai masu shiga rana su bi layi a ƙofar filin wasanmu na Karkanda, kuma mu ne masu shan tsiyar Kanawa a Facebook duk ranar da aka doke mu.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne garambawul. Kamar yadda aka saba duk ƙarshen kaka, an sallami wasu 'yan wasa, an ɗauko wasu, an ce mana ana gina sabuwar ƙungiya wadda za ta dawo da martabar da. Tun daga lokacin majalisarmu ba ta da wata hira sai wannan: anya wannan sabon zubin zai iya mayar da mu inda muka taɓa kaiwa?

Dattawanmu suna cewa ba zai yiwu ba. Hujjarsu ita ce a da ɗan wasa yakan zauna a gari har a san gidan da yake haya da mai shayin da yake zuwa wurinsa, yanzu kuwa kafin ka riƙe sunansa ya ƙara gaba. Samarin suna cewa wannan duk tatsuniya ce, ƙwallo kuɗi ce, a zuba kuɗi a kaka ɗaya a ga aiki. Akwai kuma kaso na uku, waɗanda suka yanke ƙauna da gasar baki ɗaya, masu cewa a Najeriya mai gida ke cin wasa, baƙo kuwa sai dai ya yi addu'ar komawa gida lafiya, don haka ko wa aka saya duk ɗaya ne. Wani tsohon direba a cikinmu, wanda bai cika magana ba, ranar nan ya ajiye kofin shayinsa ya ce wa samarin: "Ku da kuke ta ihun a sayo, a sayo, ku gaya mani sunan 'yan baya huɗu da suka buga mana shekara biyu da suka wuce. Mi ya hana ku faɗa?" Aka yi ta lalube, wannan ya kawo suna, wancan ya ce a'a wannan ai tuni ya tafi kafin lokacin. Yaron da ya fi kowa zaƙewa kuwa, nan take ya jero 'yan bayan Real Madrid ba tare da ya numfasa ba.

Ni ra'ayina, kuma shi ne ra'ayin da ya rinjaya har aka ce in rubuta, shi ne za a iya komawa, har ma a wuce. Amma ba ta hanyar da ake bi ba.

Bari mu fara tuna abin da muke kira martabar da, domin da yawa daga masu musun ba su san ko mece ce ba. An ƙirƙiri Jihar Katsina a 1987. Ba ta cika shekara goma ba ƙungiyarta ta buga wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale, kuma ta maimaita haka sau uku a jere. A 1995 Shooting Stars ta Ibadan ta doke mu da ci 2 da nema, a shekarar da ta haɗa kofin lig da na ƙalubale. A 1996 Julius Berger ta Legas ta ci mu 1 da nema. A 1997 Eagle Cement ta Fatakwal ita ma ta ci mu 1 da nema. Kai wa wasan ƙarshe sau uku a jere ba ƙaramin abu ba ne a gasar da ake fitar da kai da zarar an doke ka sau ɗaya. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya: kofin bai taɓa kwana a Katsina ba. Martabar da muke kuka a kanta ta waɗanda suka isa bakin ƙofa ce har sau uku aka rufe. Saboda haka abin da muke nema bai fi ƙarfinmu ba. Ba cewa muka yi a zama Enyimba mai kofin zakarun Afirka na 2003 da 2004 ba. Kofi ɗaya muke so, da ƙungiyar da ba za mu riƙa lissafin maki da fargaba duk watan ƙarshe na kaka ba.

Ku dubi ma inda waɗanda suka doke mu suka ƙare. Julius Berger babu ita a babbar gasa, kamfanin ya janye hannunsa. Shooting Stars ta sha faɗuwa da tashi, rabonta da kofin lig tun 1998. Eagle Cement ta zama Dolphins, a 2016 aka haɗe ta da Sharks aka samu Rivers United, aka bar koci ɗaya, Stanley Eguma, yana aiki shekara da shekaru har ya ɗauko kofin lig a 2022. Tsohon suna bai ceci kowa a cikinsu ba. Wadda ta tsira da mutuncinta ita ce wadda aka yi wa sabon tsari kuma aka yi haƙuri da shi.

Kukanmu na farko ke nan, kuma shi ne mafi girma: rashin haƙuri. Tun da aka dawo da sunan Katsina United a 2016 a madadin Spotlight, ƙungiyar ta hau babbar gasa, masu horarwa nawa suka zauna a bencin nan? Bala Nikyu, Abdullahi Biffo, Henry Makinwa, Azeez Mohammed, Usman Abdallah, Tony Bolus, da wasunsu. Ba mu ce duk korarsu aka yi ba, wasu da ƙafarsu suka tafi, kuma a cikinsu akwai ƙwararru, Usman Abdallah ma ai shi ya ci wa Enyimba kofin lig a 2019. Amma ko kora ce ko tafiya, sakamakon ɗaya ne. Kowane sabon koci yana zuwa da yaransa da salon wasansa. Waɗanda ya tarar sai su zama 'yan bora. A sallame su, a biya sababbi kuɗin sa hannu, a shiga sansani na 'yan makonni, a fara kaka da mutum goma sha ɗaya waɗanda ba su san motsin juna ba. Gola bai san wane ɗan baya ne ke fita ya tare ba, wane ne ke ja da baya. Ɗan tsakiya bai san ko ɗan gabansa a ƙafa yake son ƙwallo ko a gaba ba. Kafin su fahimci juna an yi wasa goma, an zubar da makin da ba zai dawo ba, an fara kiraye-kirayen a kori koci. Abin ya zama kamar magidancin da duk shekara yake sa a rushe gininsa tun bai kai linta ba, a sake haƙa tushe, don maƙwabci ya ce masa wani magini ya fi iyawa. Kuɗin siminti yana ta tafiya, iyali kuma har yanzu a gidan haya suke.

Mun ga ƙarshen irin wannan a kakar 2021/2022, lokacin da muka faɗa rukunin 'yan dagaji, wato ƙaramar gasa, tare da Kano Pillars da Heartland da MFM. Alhamdulillahi, a 2023 aka dawo. Amma wanda ya kalli wasannin ƙaramar gasa a wancan lokaci ya san ba wuri ne da ake son komawa ba.

Misalin da ya fi ci mana rai shi ne na Remo Stars. Tare muka hau babbar gasa a ƙarshen 2016, mu da su da Gombe United da ABS ta Ilori. A kakar 2017 mu muka tsira, su suka ƙare a ƙarshen teburi suka koma ƙasa. Suka sake hawa, suka sake faɗuwa a 2019. A wancan lokaci da wani ya ce mana su za su riga mu ɗaukar kofi, da dariya za mu yi masa. To me suka yi? Suka gina filinsu a Ikenne, garin da bai kai wasu ƙananan hukumominmu yawan jama'a ba, suka kafa makarantar renon yara, suka miƙa wa Daniel Ogunmodede ƙungiya suka ƙyale shi. Ya zo na biyu a 2023, ba a kore shi ba. Ya sake zuwa na biyu a 2024, ba a kore shi ba. A 2025 ya ɗauki kofin lig, na farko a tarihinsu. Za a ce ai ƙungiyar ɗan kasuwa ce, aljihunsa ne, ba mai tsoma masa baki. Gaskiya ne. To amma El-Kanemi Warriors fa? Ta gwamnati ce kamar tamu, daga Maiduguri, garin da ya sha wahalar da ta fi tamu. Ta ci Kofin Ƙalubale a 1991 da 1992, ta yi shekara 32 ba ta sake ganinsa ba, sannan a 2024, tana ƙaramar gasa ma, ta doke Abia Warriors da ci 2 da nema ta ɗauke shi. Bendel Insurance ta ɗauka a 2023, rabonta da shi tun 1980. Rangers ta Inugu ta jira daga 1984 har 2016 kafin ta sake ganin kofin lig, ta kuma ƙara a 2024. Duk wanda ya ce tsohuwar ƙungiya ba ta farfaɗowa, bai bi ƙwallon ƙasar nan ba.

Kuka na biyu ya shafi yadda ake riƙe da ƙungiyar. Mun san gwamnati ce uwa da uba, kuma muna godiya, domin da babu ita da tuni an rufe shago. Amma ƙungiyar da numfashinta gaba ɗaya ke hannun gwamnati, duk lokacin da aka samu canjin shugabanci sai ta koma farko: sabuwar hukuma, sabon sakatare, sabon tunani, wani lokaci har da sababbin masu ba da shawara da ba su taɓa biyan kuɗin shiga fili ba. Kaka kuwa ba ta jiran takarda ta fito daga ofis. Wasa 38 ne, 19 daga ciki a waje, kuma daga Katsina zuwa Aba ko Fatakwal ko Ikenne tafiya ce ta fiye da kilomita dubu a mota. Yaron da ya kwana biyu a zaune a bas, ƙafarsa ta kumbura, ya sauka ya buga minti casa'in, abin da zai sa ya sa ƙafarsa inda ake tsoron sawa shi ne sanin cewa albashinsa da alawus ɗinsa suna shiga a kan lokaci, kuma in ya karye ba za a yar da shi ba. Jinkirin haƙƙin 'yan wasa ciwo ne da ya daɗe yana kashe ƙungiyoyin gwamnati a faɗin Najeriya, kuma labarinsa yana yawo a tsakanin 'yan wasa fiye da yadda yake yawo a jarida. Ƙungiyar da aka san tana biya, ƙwararru ne ke neman ta. Wadda aka sa wa alamar tambaya kuwa, sai ragowar da wasu suka ƙi.

Na uku, yaran gida. A nan zan ɗan daɗe, domin abin yana taɓa ni.

Jihar nan tana da ƙananan hukumomi 34. Duk yammacin duniya, daga Filin Samji zuwa makarantun firamare na cikin birni, daga Daura zuwa Funtuwa, Malumfashi, Dutsin-ma, Kankiya, Mani, ba filin da za ka wuce ba ka ga ƙura na tashi ba. Akwai wani yaro a unguwarmu, ɗan maƙwabcina, bahago ne, siriri, in ya ɗauko ƙwallo ta gefen hagu sai ka ga masu sayar da rake sun bar baro sun matso. Takalminsa ɗaya, ya sha ɗinki har mai gyaran ya ce ba sauran wurin sa allura. Wata rana wani dillali ya zo da jaka da katin shaida a wuya, ya ce zai kai shi gwaji ƙasar waje. Mahaifinsa ya sayar da tumakin da yake kiwo don Babbar Sallah, ya haɗa da bashi, ya ba shi. Yaron ya yi wata da watanni a wani ɗaki a Legas tare da wasu irinsa, ba gwaji, ba biza, ba dillali. Yanzu Keke Napep yake ja tsakanin Ƙofar Ƙwaya da kasuwa, kuma ba ya son a yi masa zancen ƙwallo. Ba mu ɗora wa kowa a cikinku laifin wannan ba. Abin da muke cewa shi ne, da akwai tsani a bayyane wanda kowane uba ya sani, daga gasar unguwa zuwa ta ƙaramar hukuma, zuwa ƙaramar ƙungiya, zuwa babba, da mai jaka bai samu ƙofar shiga gidan ba.

Mun yaba da makarantar horar da ƙwallo da gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta kafa. Tunani ne mai kyau. Fatanmu kada ta zama wurin da ake renon yara don kasuwar waje kawai, alhali babbar ƙungiyar jiha tana can tana cefanen 'yan wasa daga nesa. Kada kuma a fahimce mu baibai. Ba mu ce a kori baƙi ba. Katsina ɗakin kara ce, kuma 'yan wasa daga kudu da ma ƙasashen maƙwabta sun zubar da gumi a rigar nan, muna girmama su. Amma ƙungiya tana buƙatar ginshiƙai uku ko huɗu waɗanda in an ci su ba su da inda za su ɓuya, domin gobe da asuba za su haɗu da mu a masallaci. Ku dubi abin da Rabi'u Ali ya zama wa Kano Pillars. Fiye da shekara goma yana sanye da riga ɗaya, kofunan lig na 2012 da 2013 da 2014 duk da shi aka ci, yara suna tasowa suna son su zama shi. Wane ne namu? Wa yaron Rafindaɗi ko Sabuwar Unguwa zai ce yana son ya gada?

Na huɗu, filin wasa da abin da ke faruwa a cikinsa. A nan gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, kuma rabin maganar a kanmu take, mu 'yan kallo.

Allah Ya ba mu fili irin wanda jihohi da yawa ke sha'awa, mai ɗaukar kimanin mutum dubu 35, aka kuma sa masa sunan Sarki Muhammadu Dikko, mutumin da ya kafa wa Katsina suna a wasan folo da karamci. Amma sau nawa sunan filin nan ya fito a labarai don abin kunya? A 2017, bayan wasa da Enyimba, inda golansu Fatau Dauda ya samu matsala da wani yaro mai ɗauko ƙwallo, an far wa motar baƙi. A Nuwamban 2025, a wasa da ƙungiyar Barau, an ji wa ɗan wasan baƙi rauni, hukumar gasa ta ci tarar ƙungiya miliyoyin naira, ta kuma ce a je a buga wasannin gida a wata jiha. Mu ma an yi mana: a Afrilun 2022 aka farfasa motar ƙungiyarmu a filin Sani Abacha da ke Kano, aka cire wa Pillars maki uku. Ƙarshenta a shekarar mu da su duka muka nutse. Wa ya ci riba?

A gasar da kowa ya san makin gida shi ne jari, korar ƙungiya daga filinta daidai yake da yanke mata hukuncin faɗuwa. Kuɗin da za a sayi ɗan gaba da shi ya tafi tara. Kuɗin ƙofa ya tsaya. Mai sayar da ruwa, da mai tsire, da mai gyaɗa, da mai ajiye babura, duk sun rasa cinikin ranar wasa. Mutum ɗaya ya jefa dutse, dubbai su biya. Kuma mun san masu yi. Ba su ne masu bin ƙungiya Kaduna da Jos da kuɗin aljihunsu ba. Ƙauraye ne da 'yan shaye-shaye da ke shigowa da abin da suka shigo da shi, su zauna inda suka ga dama, domin ba a cika tsananta bincike ba sai bayan ɓarna ta auku. Akwai malamin makaranta a majalisarmu da 'ya'yansa biyu ke roƙonsa ya kai su kallo, ya ce ba zai kai su inda zai riƙa neman ƙofar gudu tun kafin a tafi hutun rabin lokaci ba. Yana kai su gidan kallo su ga Barcelona. Waɗannan yara biyu an yi asararsu ke nan, kuma irinsu ba su ƙirguwa. Kirarinmu shi ne kunya gare mu ba dai tsoro ba. Jifan baƙon da ya zo buga ƙwallo ba ya cikin ko ɗaya.

Masu cewa alƙalan wasa ne ke jawo fushi, ba mu ce ƙarya suke ba. Mun sha ganin hukuncin da ke sa mutum ya riƙe baki. Amma akwai hanyar ƙorafi a rubuce, da bidiyo, kuma aikin hukumar ƙungiya ne ta bi ta, ta kuma sanar da mu ta bi, don kada wani ya ga kamar shi ne zai ƙwato mana haƙƙi da hannunsa.

Na biyar gajere ne. Ka zaga kasuwannin garin nan, rigunan Real Madrid da Barcelona da Manchester United tuli-tuli, har na jarirai. Tamu kuwa sai ka sha tambaya. Kuma mutanen da suka kai mu wasan ƙarshe sau uku, waɗanda ke raye a cikinsu, samarinmu za su wuce su a hanya ba su san su ba.

Saboda haka, ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

Ku fito fili ku gaya wa Katsinawa cewa wannan ginin na shekara uku ne, ku faɗi abin da kuke sa ran gani a kowace shekara: ta farko a zauna daram a tsakiyar teburi, ta biyu a shiga sahun gaba, ta uku a nemi tikitin shiga gasar ƙungiyoyin Afirka. Ku ba koci kwantiragin da ya yi daidai da haka, a rubuta sharuɗɗan rabuwa tun yanzu, don kada rashin nasara uku a jere ko kiran waya daga wani babba ya zama dalilin sallama. In kun faɗa mana gaskiya tun farko, za mu iya haƙuri. Abin da ke sa 'yan kallo tunzura shi ne a yi musu alkawarin kofi a watan farko, a wata na shida a ce su yi addu'a kada a faɗi.

Ku riƙe ƙashin bayan ƙungiya. Ƙarshen kowace kaka a canza mutum biyar ko shida inda ake da rauni, ba a share ɗaki gaba ɗaya ba. 'Yan wasan da suka nuna kansu a ba su kwantiragin shekara biyu ko uku, ta yadda in wata ƙungiya ta zo nema sai ta biya, kuɗin ya shiga asusun ƙungiya, maimakon yaro ya yi suna a nan ya tafi kyauta.

Ku ɗauki Kofin Ƙalubale da muhimmanci. Shi ne tarihinmu, shi ne kuma hanya mafi kusa. Kada a riƙa tura 'yan benci ana cewa ana adana ƙarfi don lig.

Mai girma Kwamishina, muna roƙon a ware kuɗin ƙungiya na kaka guda tun kafin a fara, a sake shi kashi-kashi a ranakun da aka sani, albashi da alawus su zama farkon abin da ake fitarwa. A ƙarshen kaka hukuma ta buga abin da ya shigo da abin da ya fita, har da kuɗin ƙofa da na cinikin 'yan wasa. Katsina ba ta rasa attajirai ba, a gida da Kano da Abuja da Legas, amma ba mai zuba dukiyarsa a inda ba a nuna masa lissafi. A kuma duba yiwuwar sayar wa jama'a wani kaso na ƙungiyar, ko a buɗe rajistar mambobi masu biyan kuɗin shekara da ke da wakili a hukuma, domin a samu abin da zai tsaya ko gwamnati ta canza.

A haɗa makarantar horarwa da babbar ƙungiya a rubuce, a ce duk kaka yara kaza za su hau. A farfaɗo da gasar makarantun sakandare da ta ƙananan hukumomi, a riƙa tura masu ido shiyyar Daura da ta Funtuwa, kada abin ya tsaya a birni. Gwaji kuma ya zama kyauta, a sanar da ranarsa a rediyo, kowa ya ji.

A fili, a sa bincike na gaske a kowace ƙofa tun daga wasan farko, ba sai an ci tara ba. A horar da masu kula da 'yan kallo daga cikin magoya baya, waɗanda suka san fuskoki. A sa kyamarori, wanda aka kama ya yi jifa a hana shi shiga, a kai shi kotu shi kaɗai da sunansa. A keɓe ɓangare na iyali da 'yan makaranta. A tsare motar baƙi daga shigarta gari har fitarta. Mu kuma a namu ɓangaren mun yi alkawari a majalisarmu cewa duk wanda muka gani da dutse a hannu, ko ɗan wane ne, za mu nuna shi.

A buga riga mai sauƙin kuɗi a kai kasuwa, telolinmu ma za su iya in an ba su izini. A kuma sa rana ɗaya a kakar nan, kafin wani wasan gida, a gayyato waɗanda suka buga wasannin ƙarshe na 1995 da 1996 da 1997, da iyalan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, a kira sunayensu ɗaya bayan ɗaya a gaban jama'a.

Daga ƙarshe muna roƙon ku kira taron magoya baya kafin a yi nisa da kaka, a zauren da kowa zai iya shiga, ba na 'yan gayyata kaɗai ba, shugaba da koci su zauna su amsa tambayoyi. In kun sa rana, a sanar a gidajen rediyon jiha da shafin ƙungiya, za mu zo da wannan takarda a hannu.

Allah Ya ba mu zaman lafiya a jiharmu, Ya taimaki Katsina United.

Wassalam.

Naku,
Wani daɗaɗɗen mai goyon baya,
a madadin majalisarmu ta Ƙofar Ƙaura, Katsina.